Kande ta kashe dodon ko ta bar shi?

Ummin Idi-Araba: Assalamu alaikum 'yan zaure, iyayena da yayyena. Shawara nake nema a kan littafin da nake rubutawa, na zo babin ƙarshe alƙalami ya ƙi gaba. Ga labarin a gurguje. Garin maƙera ne a gindin wani dutse. A can sama akwai dodo, irin mai fuka-fukai da aman wuta, yana kwance a bakin idon ruwan da duk garin ke sha. Kowace shekara kafin ruwan farko, kowane gida zai kawo tsakuwa mai alamar gidan, a zuba a ƙwarya a rufe da faifai, Sarkin Dutse ya sa hannu ya ɗauko ɗaya. Gidan da ta faɗo a kansa shi zai ba da ɗa. Shekarar da ta faɗo kan gidansu, Kande tana da shekara tara. A gabanta aka ɗaure hannun yayanta Nomau da rawanin babansu aka hau da shi. Tun daga ranar ta tare a maƙera, daga zuga zugazugi har ta iya ƙira, har ta ƙera mashin da zai huda ƙirjin dodon.

To daren da za ta hau dutsen, tsohuwar da ke wanke ƙwaryar ta tare ta a hanya ta faɗa mata magana biyu. Ta farko, ran dodon da idon ruwan a haɗe suke, ranar da ya mutu ruwa zai ƙafe. Ta biyu, tsakuwar gidajen masu sarauta ba ta taɓa shiga ƙwaryar ba, a hannun riga ake ɓoye ta.

Ƙarshe uku nake juyawa a raina. Ko ta kashe shi gari ya sha ƙishirwa. Ko ta miƙa masa kanta da sharaɗin ita ce ta ƙarshe. Ko ta yar da mashin ta bar garin. Wanne za ku yarda da shi?

Ɗan Canjin Allen: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ina abin wahala a nan? Ta soke shi kawai. Mun bi yarinya babi bayan babi tana shan hayaƙi, hannu duk kanta, sannan a ce ta yar da mashi ta kama gabanta? Wallahi in na biya kuɗin littafi aka yi min haka sai an maido min kuɗina. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ruwa kuma su haƙa rijiya, ai maƙera ne, suna da diga.

Hajiya Mai Atamfa: Ni na biyun ya fi taɓa ni. Ta hau da ƙafarta ta ce ga ni, ka ƙyale yaran mutane. Zan yi kuka har in gode Allah. Amma Ummi ba ki sa mata saurayi ba ne? Yarinya ta girma a maƙera cikin samari babu ko mai cewa yana so?

Ummin Idi-Araba: Hajiya akwai, ɗan Sarkin Dutse ne ma. Shi ne abin da ya ƙara dagula min lissafi.

Anti Lauya: Kafin a zaɓi ƙarshe, Ummi, amsa min wannan. Wa ya kashe Nomau? Dodo ya ci shi, na ji. Amma wa ya cire tsakuwar ɗansa ya bar ta ɗan talaka? Wa ya ɗaure masa hannu? Yarinyar nan ta kwashe ƙuruciyarta tana wasa mashi saboda wanda ke kan dutse, alhali masu laifin suna gaisawa da babanta kullum a ƙofar maƙera. Ni a wurina maganar tsohuwa ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ƙarshenki ukun nan babu wanda ya taɓa ta.

Direban Apapa: Ni ba karatu nake ba, saurare nake a YouTube in muna layin lodi, wani lokaci mu kwana biyu motar ba ta matsa ba. Littattafan yaƙi na ji su da yawa. Abin da na lura, in jarumi ya fille kan dodo kowa murna yake, saboda dodo ba shi da uwa da za ta zo tana birgima a ƙasa. Shi ya sa marubuta ke son sa. Ka huce haushinka babu zaman makoki. Da mutum aka ce ta soke, da tuni zauren nan ya rabu biyu.

Ɗalibin Akoka: Yaya Direba ya faɗi magana. Amma Anti Ummi, kin san labarinki yana da kaka a nan Afirka ta Yamma? Mutanen Soninke, masu tsohuwar daular Wagadu da littattafan tarihi ke kira Gana ta da, wajen kudancin Muritaniya da yammacin Mali na yau, suna da labarin baƙin maciji mai suna Bida. Yarjejeniya suka yi da shi: duk shekara a ba shi budurwa, shi kuma ya ba su ruwan sama da zinariya. Shekarar da aka zaɓi wata mai suna Siya, saurayinta Mamadi ya ƙi yarda, ya laɓe ya sare kan macijin. Kafin ya mutu ya la'anci ƙasar da fari na shekara bakwai, zinariya ta koma kudu, mutane suka watse. Abin sha'awa, masu ba da labarin ba su tsaya a kan cewa Mamadi gwarzo ne kawai ba. Ya ceci mace ɗaya, ƙasa ta tarwatse. Har yau mai sauraro ne ke yanke wa kansa hukunci.

Ki gwada shi da namu na Daura. Macijin rijiyar Kusugu ranar Juma'a kawai yake bari a ɗebi ruwa. Bayajidda baƙo ne, ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa aka ce babu. Ba shi da wani jini da yake bi, ƙishirwa ce ta kai shi. Ya kashe maciji ruwa ya samu, ya auri Daurama. Can kisa ya buɗe ruwa, a Wagadu kisa ya rufe shi. Ke kin ɗauki hanyar Wagadu, don haka ba za ki samu biki irin na Daura a ƙarshe ba.

Ɗan Canjin Allen: To ai ka gani. Mamadi ya sare, kuma ga ka nan a Legas kana faɗin sunansa. Waɗanda suka yi shiru aka ci 'ya'yansu wa ya san sunansu?

Ɗalibin Akoka: Waɗanda farin ya kashe ma babu wanda ya san sunansu, Yaya.

Malamin Agege: Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama. Tatsuniya ce, ba fatawa aka nema ba, amma tunda masu karantawa Musulmi ne akasari, da ma'aunin da suka sani za su auna Kande ko marubuciya ta so ko ba ta so ba.

Addini bai ce wa wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya haɗiye ba. An ba shi haƙƙi. A cikin Suratul Isra'i aya ta 33 an ce an ba waliyyin wanda aka kashe da zalunci hujja, sai aka biyo da sharaɗi nan take: kada ya wuce iyaka a kisa. A Baƙara 178 ga ƙisasi, ga kuma ƙofar afuwa da diyya a buɗe. A Shura aya ta 40, sakamakon cuta cuta ce daidai da ita, wanda ya yafe ya gyara ladansa na wurin Allah. Kun ga haushin Kande halal ɗinta ne. Inda matsala take, jariri da ke garin nan bai ci Nomau ba. In ruwa ya ƙafe shi zai fara mutuwa, kuma wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Wannan shi ne wuce iyaka. Sannan ko ƙisasin ma a wurin malamanmu hukuma ce ke zartarwa, ba mai haushi ba.

Tambaya gare ki 'yata: dodon naki yana magana?

Ummin Idi-Araba: Allah ya gafarta Malam, yana yi. Shi ya ƙulla sharaɗin da kakanninsu da bakinsa.

Malamin Agege: To ya fita daga hukuncin dabba. Da dabba ce kawai mai jin yunwa, ba a bin ta fansa, kamar yadda ba a kai kura gaban alƙali. Kashe ta kawar da cuta ne. Amma mai magana, mai ƙulla ciniki da ran yara, azzalumi ne mai hankali. Sai dai ciniki mutum biyu ke yin sa. Lauya ta riga ni faɗa.

Na biyun kuma, Hajiya ki yi haƙuri, ban yarda da shi ba. Mutum ya faɗa gaban mashi don kare wani daban ne, ya kai kansa a yanka wa abin tsafi daban ne. Kuma wa ya ce dodo zai cika alkawari? Akwai ƙissa a littattafan tarihi, ko da yake malamai sun yi magana a kan ingancinta, cewa lokacin da Amru ɗan Asi ya ci Masar an ce masa kogin Nilu ba ya cika sai an jefa budurwa. Ya hana, ya rubuta wa Sayyidina Umar, shi kuma ya aiko da takarda aka jefa a kogin a madadin yarinya, ruwa ya zo. Darasin da ake ɗauka shi ne a fasa al'adar gaba ɗaya, ba a nemo wadda za ta je da yardarta ba.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya gafarta Malam na ji. Ni dai kukan nake so, ba tsafin ba.

Anti Lauya: Hajiya kukan nan shi ne abin da nake tsoro. Ki duba labaran duka, wa ake kai wa dodo? Budurwa. Wa ake yabo da haƙuri in ta tafi ba ta yi gardama ba? Budurwa. Mun saba da jin daɗin labarin da mace ta narke don kowa ya zauna lafiya. In Kande ta miƙa kanta, wa ya ci riba? Sarkin Dutse. An rabu da mai mashi, asirin ƙwarya bai tonu ba, baɗi a ci gaba daga inda aka tsaya. Ni abin da nake tambaya a duk littafin da aka ce jarumi ya yi sadaukarwa guda ne: wa ya kwana a ciki? In daga jikinsa abin ya fita, na yarda. In daga jikin wasu ya yanka ya ba da, sannan marubuci ya sa shi ya tsaya a kan dutse yana hawaye wai zuciyarsa ta yi nauyi, wannan kyauta ce da kayan mutane. Ƙarshen farko haka yake. Kande ta huce, jarirai su biya.

Ɗan Canjin Allen: Anti to na ukun fa? Ta yar da mashi ta tafi, baɗi a ci wani yaron. Shi ma ai wasu ne suka kwana a ciki. Hannunta fes, yaran mutane na ƙarewa.

Anti Lauya: Gaskiyarka ƙanena. Na ukun ma gudu ne. Shi ya sa na ce duka ukun ba su yi min ba.

Ɗalibin Akoka: Bari in kawo na Turawa, don su ma ba kullum dodonsu ke zama mugu haka kawai ba. A tsohuwar waƙar Ingila ta Beowulf, wadda kwafinta ɗaya tak da ya rage an rubuta shi wajen shekara ta 1000, dodon yana kwance kan dukiyarsa shekara 300 bai taɓa kowa ba. Wani bawa da ya gudo daga ubangidansa ya faɗa kogon ya saci kofi guda. A kan kofin nan dodon ya tashi ya ƙone ƙasa. Wato shi ma ramuwa ya fito yi, kuma shi ma ya wuce iyaka. Beowulf ya tsufa, ya yi shekara 50 yana sarauta, ya ce shi kaɗai zai tunkare shi. Mutanensa suka gudu daji sai saurayi ɗaya, Wiglaf. An kashe dodo, sarki ya mutu, aka binne dukiyar tare da shi ba ta amfani kowa ba, kuma waƙar ta ƙare mutanensa na jiran maƙiya su afko musu tunda babu mai kare su. Ga wanda ya ba da ransa da gaske, amma har yau masana na gardama ko jarumta ce ko girman kai.

Na Aisland ya fi wannan ban tsoro. Fafnir mutum ne da farko. An kashe ɗan'uwansa, aka biya babansu diyya da zinariya. A kan zinariyar diyyar nan ya kashe uban, ya kwashe ta ya shiga daji ya kwanta a kai har ya rikiɗe ya zama dodo. Ɗan'uwansa Regin, maƙeri ne shi ma Anti Ummi, ya reni yaro Sigurd, ya ƙera masa takobi, ya zuga shi ya je ya kashe Fafnir. Yaron ya haƙa rami ya ɓuya ya soke shi ta ciki. Da jinin zuciyar ya taɓa harshensa sai ya fara jin maganar tsuntsaye, suka ce masa wanda ya rene ka shirin kashe ka yake. Ya juya ya kashe Regin. Gaba ɗaya rigimar gida ɗaya ce, yaron aron hannunsa aka yi.

Direban Apapa: Kai, wannan na biyun ko a garinmu an yi irinsa a kan gado, aman wuta ne kawai babu.

Baba Mai Albasa: Salamu alaikum. Jikana ne ke karanto min, ni kuma ina faɗa yana rubutawa, in kun ga kuskure nasa ne. Ina kasuwar Mile 12 tun kafin a haifi yawancinku. Ku kuna maganar dodo, ni abin da na gani da idona nake tunawa. A 1999, watan Yuli, rikici ya tashi a Shagamu aka kashe mutanenmu. Labari ya isa Kano, aka tashi a kan Yarabawan can. Wanda aka tare a Kano wataƙila bai taɓa taka Shagamu ba, tela ne ko mai gyaran mota, yana neman abincinsa. Watan Nuwamba sai ga ta a nan Ketu da kasuwarmu. Kowa in ka tambaye shi cewa yake ramawa yake. Ban ga wanda ya rama a kan wanda ya yi masa ba. Wanda hannu ya kai gare shi ake yi wa.

Ranar, wata Bayarabiya mai sayar da barkono kusa da rumfata ta ja ni da yarana biyu ta tura mu cikin shagonta, ta jera kwanduna a bakin ƙofa ta zauna a kan ɗaya. Muna ciki barkono na shaƙe mu, yaro ɗaya na son yin atishawa na toshe masa baki da hulata. Ina jin ta tana rantse musu babu kowa sai kaya. Da goyo a bayanta. Har duhu ya yi ba ta tashi daga kan kwandon nan ba. To 'yata Ummi, in za ki rubuta mai ba da kai don wani, irin wannan ki rubuta. Ba ta da mashi, kuma ba a yi mata kirari ba.

Mai Kula da Zaure: Allah ya saka wa Baba. Don Allah kada kowa ya ɗauki maganar nan ya kai ta wajen ƙabila, a tsaya kan littafi.

Hajiya Mai Atamfa: Allahu akbar. Allah ya saka mata da alheri. Baba ga kukan nan na yi tun littafi bai fito ba.

Ɗan Canjin Allen: Baba Allah ya ƙara girma, ba musu nake ba. Amma ina da tambaya ga Anti Lauya. Kin ce sai abin ya fita daga jikin mutum shi kaɗai. Matar nan da goyo ta zauna. Da an gane, da ita da jaririn za a haɗa. An tambayi jaririn? Ashe ita ma ta sa ran wani a ciki.

Anti Lauya: Ka kama ni a nan. Babu mai rai shi kaɗai, kowa akwai na bayansa. Amma duba bambancin. Ita ta jefa kanta da nata cikin hatsarin da wataƙila ya zo wataƙila bai zo ba, don ta hana kisan da ke gabanta. Kande kuwa an faɗa mata tabbas ruwa zai ƙafe, kuma Nomau ba zai dawo ba. Na sassauta ma'aunina, ban jefar da shi ba.

Baba Mai Albasa: Ɗana, na yi wannan tunanin shekaru. Yaron nan ya girma, yana gaishe ni. Ban taɓa iya kallonsa ban ji nauyi ba.

Ɗalibin Akoka: Maganar Baba ta tuno min mutum biyu da ba a cika ambata ba. A Shahnama, littafin sarakunan Farisa da Firdausi ya gama a 1010, akwai sarki Zahhak, wanda a tsofaffin labaransu dodo ne mai kai uku. Iblis ya sumbaci kafaɗunsa macizai biyu suka tsiro, ba sa lafawa sai an ba su ƙwaƙwalwar samari biyu kullum. Sai wasu mutum biyu masu tsoron Allah suka nemi aikin dafa abinci a fada da gangan. Kullum in an kawo samari biyu, su yanka ɗaya, su haɗa da ƙwaƙwalwar tunkiya, su saki ɗayan ya gudu duwatsu. Suna ceton rai ɗaya kowace rana, da hannunsu kuma suke kashe ɗayan. Ku ce min su mene ne, mutanen kirki ko 'yan aikin azzalumi? Daga baya maƙeri Kawa, da aka cinye masa 'ya'ya, ya ɗaga warkinsa na fata a kan mashi jama'a suka bi shi. Da Faridun ya kama Zahhak, wanda ya kashe masa uba, ya ɗaga kulki zai gama da shi aka hana shi, aka ce ya ɗaure shi a dutsen Damawand.

Abin da nake nufi Anti Ummi, tsohuwarki mai wanke ƙwarya fa? Shekara nawa tana gani tana shiru? Me ya sa sai daren nan ta yi magana?

Ummin Idi-Araba: Wayyo. Na sa ta ne kawai don ta kawo labari ta wuce.

Anti Lauya: A'a, kada ta wuce. Mai wanke ƙwarya ta san kowace tsakuwa da hannunta. In masu sarauta na cire tasu, ita me zai hana ta taɓa cire ta gidanta?

Direban Apapa: Ko kuma shekarar Nomau ta jikanta ce za ta fito, ta musanya.

Ummin Idi-Araba: Yaya Direba ka kashe ni. Innalillahi. Wato wadda ta faɗa mata gaskiya ita ce ta sa aka ɗauki yayanta. Kuma ba don mugunta ba, don jikanta. Ga ta tsohuwa, ga mashi a hannun Kande, babu kowa a hanyar sai su biyu.

Ɗan Canjin Allen: To yanzu ko ni ban ce ta soke ta ba. Amma Sarkin Dutse dai a bar min shi.

Ɗalibin Akoka: Akwai dabara a labarin Waliyyi Jooji na Kiristoci, wanda aka ce ya faru a wani gari a Libiya. Su ma tumaki suka fara bayarwa, da suka ƙare aka koma ƙuri'a a kan yara. Ranar da ta faɗo kan 'yar sarki ya ce a karɓi dukiyarsa a bar masa ita, jama'a suka ce ba su san zancen ba, kai ka kafa dokar, namu sun tafi. Sai da abin ya taɓa gidan sarki ake neman mafita da gaske. Kande ta sauko da mashinta ta tsaya a dandali ranar ƙuri'a ta ce a zazzage hannun riga.

Malamin Agege: Da kyau, amma a kula. In an gyara ƙuri'a ta zama ta adalci, har yanzu yaro ake kai wa dodo. An raba zalunci daidai ne kawai. Kada littafin ya tsaya a nan.

Baba Mai Albasa: Ba zai tsaya ba Malam. Ranar da mai kuɗi ya san tsakuwarsa na ciki, da kansa zai sayo diga. Na ga haka a kasuwa, kwata ba ta gyaruwa sai ruwa ya shiga rumfar shugaba.

Anti Lauya: To ga inda na tsaya. Ƙishirwar ta gari ce, don haka gari ne zai ce ya yarda ko bai yarda ba, ba Kande ita kaɗai a kan dutse da dare ba. Ta faɗa musu duka biyun a bainar jama'a. In sun zaɓi ƙishirwa a kan ba da 'ya'yansu, ta hau ta kashe shi da yawunsu. Abin da ita za ta rasa shi ne abin da ta rayu a kansa tun tana shekara tara, wato ta yi shi don Nomau, da hannunta, ba da izinin kowa ba. Ta jira izinin mutanen da suka ɗaure yayanta. Wannan ya fi mutuwa wuya ga mai irin zuciyarta.

Hajiya Mai Atamfa: Saurayin fa? Ɗan Sarkin Dutse? Kun manta da shi.

Ummin Idi-Araba: Hajiya ban manta ba, tsakuwarsa ce za ta faɗo daga hannun rigar babansa a gaban kowa. Ban jin auren nan zai yiwu, ki yafe ni. Ga abin da zan gwada. Za ta tona a dandali. Gari zai rabu, wasu su ce a bar dodo da ruwansa, wasu su bi ta. Za a fara haƙa rijiya a kwari tun kafin ta hau, amma ba za a tarar da ruwa da wuri ba. Za ta kashe shi, idon ruwa ya ƙafe kamar yadda aka faɗa, kuma ba zan yi wa mai karatu wayo in fito da wani ruwan daga sama ba. Rani zai ci mutane, cikinsu har da innarta. Wasu za su tsine mata har ta mutu.

Ɗan Canjin Allen: An dai soke shi, alhamdu lillahi. Amma kashe innar ya yi yawa, ƙanwata. Yarinyar nan me ta yi miki?

Malamin Agege: Ni tambayata waɗanda suka ce a bar dodo. Ba su yarda ba, kuma ƙishirwar ta haɗa da su. Ki ba su baki a littafin, kada ki mai da su matsorata duka. Cikinsu akwai mai jego.

Ummin Idi-Araba: In sha Allah Malam, zan ba mai jegon babi guda da bakinta. Tsohuwar ce har yanzu ban san yadda zan yi da ita ba. In Kande ta tona ta a dandali, jama'a za su kashe ta su bar masu sarauta, don ita ce marar gata. In ta rufa mata asiri, ta ɓoye wa babanta wanda ya musanya ɗansa.

Anti Lauya: Kada ki yanke a daren nan. Rubuta haɗuwarsu a hanya tukuna, ki bar tsohuwar ta faɗi sunan jikan nata da shekarunsa, ki ga abin da hannun Kande zai yi. Ki turo mana babin kafin ki sake shi ga masu biya.

Direban Apapa: In kin gama a samu mai karantawa a murya don Allah, irinmu ba ma iya bin rubutu a waya. Kuma a sa wa tsohuwar muryar tsohuwa ta gaske, ba yarinya mai maƙe murya ba.